Jan Ruwa a Ƙarƙashin Lalle

Wata Talata ce a tsakiyar damina. Tun kafin a idar da sallar asuba aka fara yayyafi, irin wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, kwatocin Tudun Wada duk sun cika sun malalo kan hanya. Na goge kujerar kekena, na sauke labulen leda ta gefe biyu, na je na tsaya a ƙofar gidan su Zinatu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Yusha'u, keke mai ƙafa uku nake ja. Gidanmu a Gyallesu gidan malamai ne, kowa da littafi a hammata, ni kaɗai na fita zakka. A aji uku na sakandare na ajiye biro. Na taɓa gyaran waya, na taɓa sayar da takalma, na ƙare a keke. Zinatu ce abu guda da na kama ban saki ba.

Ita kuwa Zinatu ciwon daji gare ta. Ƙulli ne ya fito mata a wuya, aka yanki kaɗan aka auna, aka ce shi ne. Ranar da sakamakon ya fito ta kira ni zaure ta ce in kama gabana tun da wuri. Na ce mata keken ba mai. Ta yi dariya tana kuka, maganar ke nan ba ta sake tasowa ba.

Likita ya ce irin nata yana jin magani, muddin ana bin allurai ba fashi. Magunguna kala-kala ake ɗura mata ta jijiya, amma akwai guda da kowa a ɗakin allurar asibiti ya sani. Ja ne jawur kamar zoɓo. A takarda doksorubisin aka rubuta, marasa lafiya kuwa jan ruwa suke ce masa. Kafin a fara ba ta shi sai da aka yi mata hoton zuciya, don yana iya taɓa zuciya in ya yi yawa, shi ya sa akwai iyakar da ba a bari mutum ya wuce duk tsawon rayuwarsa. Ƙullin kam ya fara sacewa, alhamdu lillahi. Amma jama'a, maganin nan ba ya aiki kyauta. Ranar farko fitsarinta ya fito ja, Innarta ta ɗora hannu a ka tana salati, sai da aka ce mata launin maganin ne ba jini ba. Sai amai. Sai baki ya fashe, ko kunu sai ya huce take iya kurɓa. Gashi ya bi mataji ya tafi, gira ta bi bayansa. Daga ƙarshe farcenta suka fara yin baƙi tun daga gindi.

Duk wannan, a gidanmu ba wanda ya sani.

Inna Larai, mahaifiyar Zinatu, ita ta kafa dokar. Ta ce da ni, "Yusha'u, kai yaro ne. Mutane in suka ji kalmar daji, likkafani suke gani. Ka bari a gama allurai, gashi ya tsiro, sannan a ɗaura. Wa zai sani?"

Na yarda, don na san gidanmu. Tun rasuwar mahaifina, ƙanwarsa Goggo Atika ce ta riƙe ni, kuma Baffa Labaran ba ya aika maza neman sa rana sai Goggo ta je ta ga yarinya da idonta. Ta nemi zuwa, Inna ta ce ana gyaran gida. Ta sake nema, Inna ta ce an yi rasuwa a ƙauye. Sai Goggo ta aiko da magana ɗaya: Talata bayan la'asar tana nan tafe, in kuma ba a shirya ba da yarinyar ba, a faɗa mata ta huta. Talatar kuwa ita ce ranar allura.

Da Zinatu ta fito daga zaure na ga hannuwanta, sai da na ce, "Kai!"

Lalle ne, baƙi da ja, tun daga kan farce har gwiwar hannu. Furanni kan furanni, ba wurin da za ka ɗora tsinke ka taɓa fata. Farcen nan da suka yi baƙi an lulluɓe su da ja mai duhu, tabon allurai na baya duk sun ɓace a cikin zane.

"Malam Yusha'u, rufe bakin, ƙuda zai shiga," in ji ta. Haka take kirana in tana son tsokana, wai ɗan malamai da ya gudu daga aji.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Dabarar Inna ce. Ta ce tsofaffi hannu suke fara dubawa. Bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau har ya yi yawa."

Inna ta leƙo da ludayi a hannu. Ta ce yau ba za ta bi mu ba, ga waina ga miyar taushe a wuta. "Ku ce musu su yi sauri. Kafin azahar nake son ganinta, akwai wanka, akwai shiri."

A asibiti aka ɗibi jini aka auna, aka ce ya isa a yi allura. Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakin, Sista Bahijja, mace ce mai faɗa da dariya a lokaci guda. Tana ɗaga mayafin Zinatu ta ga hannun, sai ta ja kujera ta zauna.

"Amarya, wa ya aike ki?"

"Baƙi za mu yi, Sista."

"Baƙin su za su nemo min jijiya?"

Ta ɗaure damtsen hagu da roba, ta bubbuga, ta lalluba. Jijiyoyin hagun duk allurai na baya sun cinye su, sun yi tauri kamar igiya. Ta koma dama. Ta jiƙa auduga ta goga, ta goga, lalle ko gezau. Da yatsa ta yi ta bi kamar makauniya har ta samu wata a bayan hannu, ta soka, jini ya biyo, ta manne da filasta.

Sai ta kama haɓar Zinatu ta juyo da fuskarta. Wasan ya bar muryarta.

"Ki saurare ni. Jan ruwan nan a cikin jijiya magani ne. In ya zurare ya shiga nama, wuta ne, cin naman yake yi. Ni da ido nake gane shi: wurin ya yi ja, ya tasa. Yau kin rufe min ido. Saboda haka bakinki ne idona. Kika ji zafi, ko ƙaiƙayi, ko wani abu kamar cizon tururuwa, ki yi min ihu. Ba a dauriya a ɗakin nan. Kin ji?"

"Na ji, Sista."

"In ya faru tsayar da komai za mu yi, mu kwantar da ke mu yi abin da ya kamata. Kuma kada hannun nan ya motsa."

Kalmar kwantarwar nan, na ga ta shiga kunnen Zinatu. Idonta ya tafi kan agogon bango ya dawo.

Na zauna a bencin bakin ƙofa inda nake hango ta. Aka rataya 'yar ledar jan ruwan, ya fara gangarowa ta siririn bututu a hankali. Zinatu ta kawar da kai. Tun da ta fara karɓarsa ko zoɓo ba ta iya kallo.

Wayarta na kan cinyarta. Ta yi ƙara, Inna ce. Ta katse da hagu. Ta sake yin ƙara. A karo na gaba wayar ta zame za ta faɗi ƙasa, Zinatu ta kai hannun dama ta tare ta. Abu ne na ƙiftawar ido. Ta mayar da hannun kan matashi kamar ba a yi komai ba.

Jim kaɗan na ga yatsun ƙafarta sun dunƙule cikin silifa.

Sista tana zagayawa gado-gado, ta dawo kanta. Ta duba filasta, ta duba ɗigon. "Zafi?"

"A'a, Sista."

Ta je ta dawo. "Amarya, ba abin da kike ji?"

"Babu."

Har murmushi ta yi mata. Ni ma na ga murmushin na ce a raina tashin zuciya ne ke damunta, kamar kullum.

Ba mu fito ba sai bayan azahar. A hanya na dube ta ta madubi, ta cusa hannun a ƙarƙashin mayafi ta rungume shi a ƙirji.

"Lafiya?"

"Sanyi nake ji. Dubi gabanka, kada ka zuba mu a kwata ranar ganin amarya."

Na sauke ta, na wuce Gyallesu. Goggo Atika ta fito cikin farin leshi da ƙaton mayafi ruwan toka, carbi a hannu, da 'yan'uwanmu mata biyu a bayanta ɗauke da ƙullin tsaraba. Ta dubi keken sama da ƙasa.

"A hankali za ka ja, ba buhun masara ka ɗauko ba."

"To, Goggo."

"Yau dai zan ga wannan da ake ta ɓoyewa. Allah ya sa ba ƙaho gare ta ba."

Matan suka yi dariya. Ni ma na yi, bakina kawai.

Da muka iso Tudun Wada suka yi sallama suka shige. Ƙamshin turaren wuta ya biyo zaure har titi, na tuna yadda turare ke juya wa Zinatu ciki, na ce Allah ya kawo sauƙi. Ni dai iyakata waje. Mai neman aure ba ya taka cikin gida iyayensa na zaune da surukai; ko inuwarsa aka gani sai an shekara ana ba da labari. Na ja keken gefen shagon Nagoda, na zauna ciki ina jin yayyafi na buga rufin.

Sai saƙon Zinatu ya shigo wayata.

"Hannuna ci yake yi kamar an zuba barkono."

Na rubuta, "Wane hannun?"

"Na allurar."

"Tun yaushe?"

Na ga alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa.

"Tun a can."

Jama'a, sai na ji kujerar keken ta yi min sanyi har ƙashi.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da sun kwantar da ni. Goggo ta zo ta tarar ba na nan, me Inna za ta ce mata?"

Kafin in amsa wani ya shigo. "Kada ka damu. Inna ta gasa min da ruwan zafi kafin su zo, ta shafa man zafi. Sai dai kamar ƙaruwa yake."

Sai hoto. Ta shiga banɗaki ta ɗauka da hagu, duk ya karkace. Furannin lallen bayan hannun sun buɗe sun yi faɗi, kamar zanen da ke jikin balan-balan in an hura. Zoben azurfar da ke yatsanta ya nutse cikin nama.

Na kira Sista Bahijja. Tana ɗagawa na zuba mata komai a numfashi ɗaya.

"Ruwan me?" in ji ta.

"Ruwan zafi. Da man zafi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zafi hanya yake buɗe masa ya bazu! Wannan sanyi ake sa masa. Kana ina?"

"Ƙofar gidansu."

"Ka nemi ƙanƙara, a naɗe a tsumma a ɗora, kada a murza. A cire zobe in da zobe. Ta ɗaga hannun sama. Ka kawo min ita yanzu, ina nan ban tashi ba. Akwai abin da ake yi a sa'o'in farko, in suka wuce sai dai wuƙa. Ka ji ni? Yanzu!"

Na faɗa shagon Nagoda. An yi sa'a da wuta tun safe, ya buɗe firiza ya ciro min ledojin ruwa biyu da suka daskare kamar dutse. Ya ce, "Ango, a wannan sanyin?" Na karɓe na fita da gudu.

Na rubuta mata abin da Sista ta ce. Amsa ta zo nan take.

"Don Allah ka bari su tafi. Yanzu aka kawo waina."

"Sista ta ce yanzu."

"Goggo ta ce ina da natsuwa. Ta ce na yi mata. Ka ji? Ta ce na yi mata."

"Zinatu, hannunki."

"In ka shigo an gama. Ka yi min wannan, Yusha'u. Magariba ta kusa."

Ba Malam a ciki. Sunana kawai.

Na tsaya a bakin zauren nan, ƙanƙara na ɗiga ta tsakanin yatsuna. Ina jiyo dariyar mata daga ciki, da ƙarar cokali a kwano. Abin da muka yi wata da watanni muna ginawa, ga shi can yana tsayuwa da ƙafarsa. Na sa ƙafa cikin zaure na janye. Na ce bari in ƙara musu ɗan lokaci, wataƙila yanzu za su yi addu'a su tashi. Sai na ji muryar Goggo tana cewa a miƙo mata ƙullin nan, wato yanzu ma za a fara buɗe tsaraba.

Na dubi hoton nan kuma. Na yi sallama da ƙarfi, na kutsa.

Tsakar gida, rumfa, labulen ɗakin Inna. Na ɗaga.

Sabuwar leda aka shimfiɗa, kwanukan waina a tsakiya, hayaƙin turare ya tokare rufi. Zinatu na durƙushe gaban Goggo cikin atamfa shuɗiya mai ganye-ganye. An zana mata gira da jagira, an ɗaura mata ɗankwali ya yi tudu a baya, acuci aka cusa a wurin gashin da babu. Wallahi ta yi kyau. Gumi kuwa ya jiƙa mata wuyan riga.

Goggo na riƙe da hannunta na dama. Warwaro ta zo mata da shi na kyauta, irin na gidanmu da ake sa wa duk wadda aka amince da ita, tana ta turawa ya ƙi wuce gindin yatsu. Inna na gefe tana cewa, "Lallen ne ya ɗan ci ta, Hajiya, fatarta ba ta son baƙin." Goggo ta haɗe yatsun ta matse ta sake turawa. Zinatu ta cije leɓe, ko uffan.

"Goggo, sakar mata hannu!"

Ɗaya daga cikin matan ta ja mayafi ta rufe baki.

"La ilaha illallahu," in ji Goggo. "Yusha'u? A ɗakin surukarka? Da takalmi? Rashin karatun har nan ya kai?"

"Fita, ɗan nan," in ji Inna. "Fita, don girman Allah."

"Asibiti za mu koma. Yanzun nan."

"Asibitin me?" Goggo ta dube ni, ta dubi ƙanƙarar hannuna, ta dubi hannun da take riƙe da shi. Sai a lokacin ta ɗora tafinta a bayansa. Ta janye da sauri. "Wannan ai wuta ne. Me ya same ta?"

Inna ta ce, "Kunama ce, Hajiya, da safe..."

"Inna, bari."

Zinatu ce. Ba ta ɗaga kai ba.

"Goggo, daji gare ni. A wuya. Ana yi min allura, yau ma daga can nake. Maganin ne ya zurare a hannuna, na ji, na yi shiru don kada ki zo ba na nan."

Goggo ta miƙa hannu a hankali ta taɓa tudun ɗankwalin nan. Ya goce gefe a ƙarƙashin yatsunta. Ta mayar da shi daidai, ta janye hannunta.

Na jira ihu. Ba ta yi ba. Ta ce da Inna, "Sabulu." Inna ta tsaya kallonta. "Sabulu da ruwa, baiwar Allah, zoben nan zai yanke mata yatsa!" Ta murza zoben da kumfa har ya fita, Zinatu ta saki ƙara, ƙarar farko da na ji daga bakinta tun safe. Goggo ta fizge ƙanƙarar daga hannuna, ta naɗe a gefen mayafinta, ta ɗora.

"An ce a ɗaga shi sama," na ce.

"To me kake jira? Tayar da keken."

Haka muka tafi. Goggo a baya, farin leshinta na shan ruwan taɓo, ta ɗaga hannun Zinatu sama tana riƙe da shi kamar tuta. Inna a ɗaya gefen tana kuka ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya ce in ja a hankali.

Sista Bahijja na tsaye a bakin ɗaki. Na ɗauka za ta yi faɗa. Ta dubi hannun kawai, ta ce, "Haba, amarya. Haba." Likita ya zo, ya latsa, ya tambayi lokacin da zafin ya fara da abin da aka sa. Da aka ce ruwan zafi ya rufe ido. Ya ɗauki biro zai zagaye iyakar wurin don a gane ko yana faɗaɗa, bai ga iyaka ba saboda lalle, sai da yatsa ya bi. Ya ce an zo a makare, gashin ruwan zafin da aka yi kuma ya tura maganin inda da bai kai ba, amma za su yi iya yinsu. Aka ba ta gado.

Ana kiran magariba na tarar da Goggo a baranda ita kaɗai, tana matse gefen mayafinta. Na durƙusa.

"Goggo..."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun farko."

Ta gyaɗa kai. "Ni na yi jinyar ubanka. Ni na juya shi, ni na wanke shi. Ka taɓa jin na guji mai ciwo?"

"A'a."

"Ciwo na Allah ne. Da ka zo ka faɗa min, da na yi kuka, da na yi faɗa, wataƙila da na hana. Ban sani ba. Amma da yarinyar nan tana kwance a gadonta yau, ba a yi mata kwalliya an durƙusar min da ita ba. Ka ɗauko ni da kekenka, ka kai ni, ka zaunar da ni ina tura ƙarfe a hannun da ke ƙonewa. Ina matsawa, Yusha'u. Da hannuna. Tana kallona tana murmushi."

Ta sake matse gefen mayafinta.

"Zan faɗa wa Baffanka abin da na gani. Maganar sa rana babu ita."

"Har ta warke, ko..."

"Na ce babu ita. Tashi ka nemo min inda zan yi alwala."

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Wurin ya yi ƙuraje masu ruwa, suka fashe. Lallen ya fara kodewa, abin da ke ƙarƙashinsa ya fito: baƙi, ba irin baƙin lalle ba. Maganin nan ba ya gama cin nama rana ɗaya, a hankali yake yi, kullum aka buɗe bandeji sai an ga ya ƙara gaba. Daga ƙarshe suka shiga da ita tiyata suka yanke abin da ya mutu, suka ɗebo fata daga cinyarta suka rufe.

Inna ta daina haɗa ido da ni. Kullum tana gefen gado tana cewa, "Gashi dai na yi mata. Duk kumburi ai gasawa ake yi." Zinatu kuwa da na shiga dubiya ta ɗago hannun da bandeji ta ce, "Malam Yusha'u, ka ga abin da kunya ta saya min." Na ce ta bar maganar. Ta ce, "Goggo fa?" Na ce tana gaishe ta. Gaskiya ne, tana aiko da kunun gyaɗa a fulas kusan kullum. Amma Baffa Labaran ya kira ni ya ce in ɗauke ƙafa daga gidan mutane tunda ba magana a tsakani, na ce masa keke haya ake ɗaukarsa, ni kuma marar lafiya nake kaiwa asibiti. Bai sake ce min komai ba. Gaisuwata ma da kai yake amsawa.

Jiya na ajiye keke a inuwa na lissafa abin da Talatar nan ta tafi da shi. Fatar bayan hannun dama, daga wuyan hannu zuwa gindin yatsu. Yatsu biyu, na tsakiya da mai bi masa, suna nan amma ba sa lanƙwasuwa. Wani yanki na fatar cinya. Allurai da aka ɗage har ciwon ya rufe, likita ya ce sai ya sake hoto zai san ko ƙullin wuyan ya samu sarari a tsakani. Gaisuwa tsakanin Inna da Goggo. Da ranar aurenmu, wadda ba a ma kai ga sa ta ba.